Osei Bonsu: sarkin Tonawa da Ingila ta aika wa jakadu har Kumasi

A filin tarihinmu na wannan mako za mu waiwayi Osei Tutu Kwame, wanda aka fi sani da Osei Bonsu, sarkin Asante da ya hau gadon sarauta a farkon ƙarni na 19. Mun zaɓe shi ne domin a zamaninsa akwai Musulmi 'yan kasuwa da malamai a Kumasi, tun kafin a san zangunanmu na yau.

A 1807 rundunarsa ta ci Fanti da yaƙi har ta kai bakin teku, ta kai hari kan ganuwar Turawan Ingila da ke Anomabo. Daga nan ya samu laƙabin Bonsu, sunan wata ƙatuwar dabbar teku. Turawa suka ga cinikinsu ba zai zauna lafiya ba sai da yardar Kumasi, don haka a 1817 suka tura ayari daga Cape Coast. Thomas Bowdich ne ya ƙulla yarjejeniya da sarki, aka bar William Hutchison a matsayin wakili a Kumasi.

A littafin da ya wallafa a 1819, Bowdich ya ba da labarin Musulmin da ya tarar kusa da fada. Shugabansu shi ne Muhammad al-Gamba, wanda ake kira Baba, mutumin Gambaga. Malamai ne ke rubuta wa sarki wasiƙu da Larabci, suna kuma ba shi shawara kan ƙasashen arewa.

A 1820 gwamnatin Ingila da kanta ta aiko Joseph Dupuis, wanda ya zauna a Maroko kuma yana jin Larabci. Shi ma ya ƙulla sabuwar yarjejeniya. Amma gwamnan Cape Coast, John Hope Smith, ya ƙi amincewa da ita, aka kuma hana jakadun da sarki ya naɗa shiga jirgi zuwa Landan. Sarki ya yi ta haƙuri yana aika manzanni, ba a saurare shi ba. Sai dai ba za mu ɓoye ba: cikin buƙatunsa har da a maido da cinikin bayi da Ingila ta haramta tun 1807, kuma wannan tabo ne a tarihinsa.

Da magana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, sai yaƙi ya ɓarke. A watan Janairun 1824 Tonawa suka fatattaki rundunar Gwamna Charles MacCarthy a Nsamankow, shi kansa gwamnan ya rasa ransa. A wajen wannan lokaci ne Osei Bonsu ma ya bar duniya. Bayan shekara 50, a 1874, sojojin Ingila suka shiga Kumasi suka cinna mata wuta.

Dattawanmu sun san darasin, matasa ne muke so su riƙe shi. Malaman da suka riga mu zama a wannan ƙasa sun samu kujera a fada ne saboda alƙalami da riƙon amana. Yau ofisoshin jakadanci sun cika Accra, kuma har yanzu mai karatu da sanin harsuna ake nema a can. Mu tura yaranmu makaranta, ta allo da ta boko, domin idan ana maganar zango a samu namu a wurin.