Yan Fengying: mawaƙiyar da ta ɗaukaka wasan ƙauye a ƙasar Sin, aka saka mata da ƙazafi

A ƙasar Sin akwai ire-iren wasan kwaikwayo na gargajiya sama da 300 waɗanda ake yi da waƙa da kiɗa, kowane yanki da nasa, cikin karin harshensa. Ɗaya daga cikin mafi farin jini a yau shi ne wasan Huangmei na lardin Anhui. Shekara 100 da suka wuce wasan talakawan karkara ne, masu ilimi na raina shi, hukuma na hana shi. Wadda ta fi kowa ƙoƙarin fitar da shi daga wannan hali ita ce Yan Fengying. Ta rasu ranar 8 ga Afrilun 1968, saura kwana 5 ta cika shekara 38, bayan labaran da suka sa aka san ta sun koma hujjar tuhumarta.

Daga gonakin shayi zuwa dandamali

Wasan ya samo sunansa ne daga gundumar Huangmei ta lardin Hubei, inda masu tsinkar ganyen shayi suke da waƙoƙin aiki. Yanki ne da ambaliyar kogin Yangtse ta sha cinyewa. Duk lokacin da ruwa ya kore su, mutanen kan bazu cikin garuruwan maƙwabta suna waƙa don su sami abin kai wa baka. Ta haka waƙoƙin suka isa yankin Anqing na lardin Anhui, suka ɗauki karin harshen wurin, suka zama wasan kwaikwayo.

Da farko ƙungiyar wasa ba ta wuce mutum 10: uku na kiɗa, bakwai na waƙa. Babu goge, babu sarewa, sai ƴar ganga da katakon ƙwanƙwasawa da farantan tagulla, makaɗan kuma su ne ƴan amshi. Maza ne ke fitowa a matsayin mata. Labaran kuwa na yau da kullum ne: faɗan miji da mata, bashi, talauci, soyayyar samari. Wannan soyayya da ake rerawa a fili ita ce ta sa mahukunta suka riƙa kiran wasan batsa, suna korar masu yin sa.

Gudun hijira daga dangi

An haifi Fengying ranar 13 ga Afrilun 1930. Yan sunan zuri'arsu ne, domin a al'adar Sinawa sunan dangi ke zuwa farko. Ta tashi a ƙauyen kakanninta, Luojialing, cikin gundumar Tongcheng, inda ta koyi waƙoƙin gona tun tana ƙarama. Tana da kimanin shekara 13 ta fara koyon wasan Huangmei a wurin wani ɗan danginsu mai suna Yan Yungao.

Dattawan zuri'ar ba su ɗauki abin da wasa ba. A ganinsu, ƴarsu ta hau dandamali abin kunya ne ga duk mai amsa sunan Yan, suka kuma ƙudura hukunta ta. Dole ta bar gida ta bi ƙungiyoyin wasa masu yawo gari-gari. A 1946 ta fara fitowa a birnin Anqing, inda wani tsohon gwani, Ding Yongquan, wanda ya daɗe yana fitowa a matsayin mace, ya ƙara goge ta.

Wasan da ya fara fito da ita shi ne Xiao Cidian, wato bankwana a masauki. Labarin wata mai masaukin baƙi ne da ta kamu da son wani ɗan kasuwa, sai ga shi rana ɗaya ya ce zai koma garinsu, inda ashe yana da mata. Kusan duk wasan waƙa ce doguwa, matar na sauyawa daga raha zuwa zargi, daga fushi zuwa roƙo, har zuwa kuka. Yarinya ƴar shekara 16 ta riƙe wannan nauyi, ƴan kallo suka sallama. Sunan matar cikin labarin Fengying ne, kuma shi ne sunan da ya bi mawaƙiyar har ƙarshen rayuwarta.

Sai dai a wancan zamani farin jini masifa ne ga mace ƴar wasa. Masu kuɗi da masu bindiga suna ɗaukar ta tamkar kayan da za su iya saye ko ƙwacewa. Wani jami'i mai ɗauke da makami ya taɓa sace ta don ya mai da ita ƙwarƙwara. Da ta kuɓuta, sai ta bar Anqing, ta yi ta gararamba a garuruwan bakin kogi har ta dire a birnin Nanjing, inda ta riƙa waƙa a gidan rawa don ta ci abinci.

Abin da ta koyo a Nanjing

Zaman Nanjing, duk da wuyarsa, shi ya sauya fasaharta. A can ta shaƙu da gidan Gan, wani gida na masu ilimi da suka ƙware a wasan Beijing da kuma wasan Kunqu, wanda ya haura shekara 400 kuma ake ɗauka mafi tsari a ƙasar. A wurinsu ta ga cewa kowane motsi a dandamali yana da ƙa'ida.

A waɗannan wasanni dandamali kusan fayau yake, sau da yawa tebur ɗaya da kujeru biyu kawai. Jikin ɗan wasa shi ke zana wa mai kallo sauran. Wanda ya riƙe bulala mai tuntaye, a kan doki yake. Wanda ya riƙe matuƙi yana rangaji, cikin kwale-kwale yake. Zagaya dandamali sau ɗaya da ƙananan taku tafiya ce mai nisa. Ɗaga ƙafa a inda babu komai tsallake dokin ƙofa ne. Akwai kuma dogayen hannuwan riga na farin siliki da ake kira hannuwan ruwa: a watsa su don nuna fushi, a rufe fuska da su don kunya, a kai su kusa da ido don kuka.

Fengying ta kwashi wannan duka, amma ba ta yar da abin da ta taso da shi ba. Matan wasan Beijing suna rera waƙa da siririyar murya ta aro. Ita kuwa ta tsaya kan muryarta ta ainihi, yadda ake yi a Huangmei. Ta kuma mai da hankali kan fitar da kowace kalma tas, tana sassauta karin harshen Anqing ta yadda mutumin wani lardi zai fahimta. Wasan Huangmei yana da manyan karin waƙa iri biyu: huaqiang, mai sauri da raha, na gajerun wasanni, da pingci, mai natsuwa, na ba da labari da bayyana damuwa. Ta ƙware a duka biyun.

Bayan ƴan Kwaminis sun karɓi mulki a 1949, ta koma Anqing a 1951. A 1953 ta shiga sabuwar ƙungiyar wasan Huangmei ta lardin Anhui a birnin Hefei. A wannan zamani an riga an ƙara kayan kiɗa, musamman gaohu, wani goge mai tsirkiya biyu da zaƙin murya. A 1954, a babbar gasar wasannin gabashin ƙasar da aka yi a Shanghai, ta sami lambar yabo ta farko.

Labaran da suka sa aka san ta

Wasan da ya ba ta wannan lamba shi ne Tian Xian Pei, auren ƴar sama. Wani matalaucin saurayi, Dong Yong, ya sayar da kansa bauta ta shekara 3 don ya sami kuɗin binne mahaifinsa. Ƴar auta cikin ƴaƴa mata bakwai na Sarkin Sama, kamar yadda tatsuniyoyin Sinawa suke kiransa, ta hango shi, ta ji tausayinsa, ta sauko duniya a ɓoye. Ta tare masa hanya, ya kauce, ta sake tarewa, har wata tsohuwar bishiya ta buɗe baki ta shaida aurensu. Uban gidansa ya ba amaryar zare a cukurkuɗe, ya ce ta saƙa bandir 10 na siliki cikin dare ɗaya: in ta iya, bautar ta koma kwana 100, in ta kasa, ta zama shekara 6. Yayyenta suka sauko suka taya ta. Ranar da wa'adi ya cika suna kan hanyar gida cikin murna, sai umarnin mahaifinta ya iso cewa ta koma sama ko a hallaka mijinta. Suka rabu a gindin bishiyar nan, tana ɗauke da juna biyu.

Fengying ba ta fito da ƴar saman a matsayin gimbiya mai jan aji ba. Ta mai da ita budurwar ƙauye mai wayo da ƙarfin hali, wadda ta ga mijin da take so ta neme shi da kanta. A 1955 aka mai da wasan fim a Shanghai, Shi Hui ya ba da umarni, Wang Shaofang ya fito a matsayin Dong Yong. Miliyoyin mutane suka kalle shi, waƙar komawarsu gida ta shiga bakin yara da manya. A Hong Kong ma fim ɗin ya karɓu, har kamfanoni irin su Shaw Brothers suka shiga yin finafinai masu karin waƙar Huangmei, ciki har da wanda Li Han-hsiang ya yi a 1963 kan masoyan nan Liang Shanbo da Zhu Yingtai.

A 1959 ta fito a fim ɗin Nu Fuma, macen da ta zama surukin sarki. Feng Suzhen budurwa ce da iyayenta suka ƙulla wa saurayinta sharrin sata aka ɗaure shi, saboda gidansu ya talauce. Ta sa kayan maza, ta rubuta jarrabawar neman muƙamin fada da sunansa, ta zo ta ɗaya a duk ƙasar. Sarki ya ga ya sami suruki, ya aura mata ƴarsa. A daren farko ta faɗa wa gimbiyar gaskiya, alhali ta san yaudarar sarki hukuncinta kisa ne. Gimbiyar ta tausaya mata, su biyun suka yi dabarar da ta sa sarki ya yafe. A nan Fengying ta nuna ƙwarewa biyu a jiki ɗaya: taku mai faɗi da ƙasaitar namiji a gaban fada, da motsin mace mai tsoro da zarar ta kaɗaice.

Ba ta raina ƙananan wasanni ba. A Da Zhucao, wata yarinya mai yankan ciyawar aladu ta karya tohon gorar wani yaro, ya tattake mata kwando, suka yi cacar baki, suka shirya, ya raka ta gida suna kacici-kacici kan furanni. A 1963 ta yi fim ɗinta na makiyayi da masaƙiya, wata tatsuniyar ƴar sama da aka raba da mijinta. A tsakanin nan ta auri Wang Guanya, mai ba da umarni a ƙungiyarsu, a 1956, ta kuma shiga jam'iyyar Kwaminis a 1960.

Lokacin da tatsuniya ta zama laifi

Alamun haɗari sun bayyana tun da wuri. A 1957 aka yi wa Shi Hui tambarin mai adawa da jam'iyya, kafin shekarar ta ƙare ya kashe kansa. A 1966 Mao Zedong ya ƙaddamar da abin da aka kira juyin juya halin al'adu. Matarsa Jiang Qing ta mamaye harkar wasanni, aka hana duk labarin da ke da sarakuna, ƴan sama ko soyayyar da, aka bar wasu ƴan wasannin juyin juya hali kawai.

Duk abin da Fengying ta yi suna da shi sai ya koma laifi. Aka zarge ta da yaɗa tsohon tunani da adawa da wasannin Jiang Qing. Aka kuma zarge ta da cewa ƴar leƙen asirin gwamnatin Kuomintang ce, wadda ƴan Kwaminis suka kora. Aka riƙa tsayar da ita a gaban taro ana ci mata mutunci, wasu abokan aikinta ma suka ba da shaida a kanta.

Cikin daren 7 wayewar 8 ga Afrilun 1968 ta sha ƙwayoyin barci masu yawa. Mijinta ya nemi agaji, amma wakilin soja da ke kula da ƙungiyar ya tsaya yi mata tambayoyi tana kwance, maimakon a garzaya da ita asibiti. Kafin a kula da ita lokaci ya ƙure. Bayan ta cika, aka ba da umarnin tsaga cikinta don neman na'urar aika saƙon leƙen asiri. Ba a sami komai ba sai ƙwayoyin da ta sha. Ta bar ƴaƴa maza biyu.

Mao ya rasu a 1976, aka kama Jiang Qing wata ɗaya bayan haka. A 1978 hukumomin lardin Anhui suka wanke Fengying daga duk zarge-zargen. Mijinta ya rubuta tarihin rayuwarta, wanda aka mai da shi wasan talabijin a 1988, Ma Lan, tauraruwar Huangmei ta zamanin, ta fito a matsayinta. An ajiye tokar gawarta a lambun Linghu na birnin Anqing, inda aka kafa mutum-mutuminta.

A 2006 gwamnatin Sin ta sa wasan Huangmei cikin jerin al'adun gado na ƙasa da ake karewa. Har yau, ɗalibar da za ta fito a matsayin ƴar auta ta Sarkin Sama kan fara ne da sauraron muryar Fengying a fim ɗin 1955.