Mai Shari'a Mamman Nasir, Galadiman Katsina

An haifi marigayi Mamman Nasir cikin 1929. Ya karanto aikin lauya a Ingila, ya riƙe Ministan Shari'a na Jihar Arewa a gwamnatin Sardauna daga 1961 har juyin mulkin 1966. Cikin 1975 ya zama alƙalin Kotun Ƙoli. A 1978 Majalisar Tsara Tsarin Mulki ta ƙi yarda a kafa wa Shari'ar Musulunci kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya. Saboda haka ƙararrakin aure da gādon Musulmi suka dawo hannun Kotun Ɗaukaka Ƙara, wadda ya shugabanta daga shekarar nan har 1992. Ya rasu cikin 2019. Allah ya jiƙansa, amin.