Tarihin Isma'ila Al-Azhari na Sudan

An haifi Sayyid Isma'ila Al-Azhari a Omdurman cikin shekarar 1900, a gidan malamai. Ya yi karatu a Kwalejin Gordon ta Hartum, sa'an nan a Bairut, ya komo gida ya zama malamin lissafi.

A 1943 ya shugabanci jam'iyyar Ashiƙƙa, wadda nufinta a fid da Turawan Ingila, a gama Sudan da Masar. A 1952 masu wannan ra'ayi suka haɗu cikin jam'iyya guda. Da aka yi zaɓe a 1953 suka ci kujeru 51 daga cikin 97, ya zama Firayim Minista a Janairu 1954.

To, da ragama ta shiga hannunsa, sai ya ga ƙasa ba za ta zauna lafiya bisa wannan nufi ba. Ansaru, mabiya Mahadi, sun ƙi Masar ƙememe, har jini ya zuba ran da Janar Najib na Masar ya sauka Hartum a Maris 1954. Saboda haka ya saki ra'ayin da aka zaɓe shi a kansa. Ran 1 ga Janairu 1956 shi ya ɗaga tutar mulkin kai, Sudan ta tsaya da ƙafarta.

Bayan wata shida 'yan ɗariƙar Hatmiyya suka janye masa, gwamnatinsa ta faɗi. A 1965 ya zama shugaban ƙasa, har Numairi ya ƙwace mulki a Mayu 1969, aka tsare shi. Ya rasu cikin Agustan wannan shekara. Allah ya jiƙansa, amin.