Nehemiya, Mai Tsaron Ƙofa

Ɗan'uwa, ka san Nehemiya? Bayahude ne, mai shayar da Sarki Artashate a Shushan. A shekara ta 445 kafin haihuwar Almasihu ya tafi Urushalima, ya gina garunta cikin kwana 52. Daga baya ya tarar ana ciniki ran Asabar, mutanen Taya suna sayar da kifi, alhali Attaura ta hana aiki a ranar. Sai ya sa a rufe ƙofofi tun yammacin Juma'a, Lawiyawa suna tsaro (Nehemiya 13:15-22).

Kai fa? Ran Lahadi, in kasuwar Gujungu tana ci, sujada kuma ta yi kira, wace ƙofa za ka rufe? Ubangiji ya ba ka zuciyar Nehemiya. Amin.