Malam Aminu Kano da kujerar Kano ta Gabas

Sunan Malam Aminu Kano yana kan filin jirgin saman Kano da babban asibitin koyarwa na birnin, kuma akwai titi mai sunansa a Wuse ta Biyu a nan Abuja. Wanda ya san shi ta waɗannan allunan kaɗai zai ɗauka birnin Kano bai taɓa juya masa baya a akwatin zaɓe ba. Tarihin mazaɓar da ya yi ta nema ya nuna akasin haka: tsakanin 1954 da 1964 ya tsaya takara sau huɗu a garin haihuwarsa, sau ɗaya kacal ya ci.

An haife shi a 1920 a unguwar Sudawa cikin ganuwar Kano, a zuriyar Gyanawa, Fulanin da aka sani da malanta da alƙalanci. Mahaifinsa, Malam Yusufu, mufti ne a kotun alƙali. Wato yaron ya tashi yana ganin yadda mulkin En'e ke gudana daga cikin gida, ba labari aka ba shi ba. Ya yi makarantar Shahuci da Midil ta Kano, ya wuce Kwalejin Kaduna, sannan ya fara koyarwa a Midil ta Bauci a 1942. A can ya yi hulɗa da Malam Sa'adu Zungur, wanda ya wasa masa tunanin siyasa, da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda daga baya za su zauna a majalisa ɗaya. Ya je karatu Landan a 1946, ya dawo ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman makarantun Arewa, aka tura shi kwalejin horon malamai ta Maru. A ƙarshen 1950 ya ajiye aikin gwamnati. Ma'aikaci ya san nauyin wannan mataki: albashi tabbatacce da fansho ya bari, ya shiga jam'iyyar da ba ta da komai sai baki.

Jam'iyyar ita ce NEPU, wadda matasa takwas suka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950. Teloli da mahauta da 'yan koli da ƙananan malamai su ne ƙashin bayanta, mutanen da haraji da aikin tilas da kotun alƙali suka fi taɓawa. A zaɓen 1951 ta nuna ƙarfinta a matakin farko cikin birni. Sai dai zaɓen na hawa-hawa ne: unguwa ta zaɓi wakilai, su kuma su zaɓi wasu, har a kai matakin lardi, inda doka ta ba En'e damar cusa nata mutanen cikin masu zaɓe. Ko da aka kai ƙarshen tsanin, babu ɗan NEPU ko ɗaya da ya shiga Majalisar Dokokin Arewa daga Kano. Tun daga nan Malam, wanda ya zama shugaban jam'iyyar a 1953, ya sa neman ƙuri'ar kai tsaye, kuma ta sirri, a gaban sauran buƙatu.

A zaɓen tarayya na 1954, wanda shi ma ba na kai tsaye ba ne a Arewa, ya sha kaye a hannun Maitama Sule na NPC, matashin malamin makaranta da ake lissafawa cikin waɗancan takwas da suka kafa NEPU. A 1956 ya nemi kujerar Kano ta Gabas a majalisar Kaduna, Alhaji Ahmadu Ɗantata ya kayar da shi. Wannan kaye na biyu ya fi bayyana yanayin birnin. NPC ba ta tsaya ga 'ya'yan sarauta ba. Ta gane cewa a garin kasuwa, attajiri mai yaran gida da dillalai da masu cin bashi a hannunsa ya fi hakimi iya tara ƙuri'a. Ga kuma fadar Sarki Muhammadu Sanusi, da 'yan doka, da 'yan Mahaukata masu tarwatsa lacca. Ɗan NEPU da aka kai gaban alƙali kan zargin zagin shugabanni yakan ƙare a gidan yari, wani lokaci har da bulala.

Ranar 12 ga Disamba, 1959, aka yi zaɓen tarayya na farko da kowane baligin namiji a Arewa ya jefa ƙuri'arsa da hannunsa cikin sirri. Mata, waɗanda Malam ya daɗe yana nema wa wannan 'yanci, ba su samu ba sai bayan shekaru goma sha bakwai. A wannan karon ya ci Kano ta Gabas. NEPU ta samu kujeru 8 cikin 312, NPC kuwa 134. Abin da ya biyo baya ya sa shi a tsaka mai wuya: NCNC, ƙawar NEPU, ta shiga gwamnatin haɗin gwiwa da NPC. Sai ga Malam a Legas yana zaune a ɓangaren gwamnatin Tafawa Ɓalewa, har da muƙamin mataimakin mai tsawatarwa, alhali magoya bayansa a Fagge da Kurmi suna shan ɗauri a hannun jam'iyyar da yake mara wa baya a zauren majalisa. Wasu 'yan jam'iyyarsa ba su taɓa yafe wannan zama ba. A ganina hujjarsu tana da ƙarfi, ko da yake kujerar ta ba shi dandalin da En'e ba ta isa ta rufe ba, ta kuma kai shi cikin tawagar Najeriya zuwa Majalisar Ɗinkin Duniya.

Shekara biyar ya yi a kai. A zaɓen 30 ga Disamba, 1964, wanda ƙawancen UPGA ya ƙaurace wa a sassa da dama na ƙasa, Alhaji Mahmud Ɗantata na NPC ya karɓe kujerar. Gidan Ɗantata ya kayar da shi sau biyu ke nan. Bayan shekara guda da 'yan kwanaki sojoji suka rushe majalisar baki ɗaya.

Wani ɓangare na abin da ƙuri'a ta kasa ba shi, mulkin soja ya kawo. An ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, aka raba En'e da 'yan doka da kotuna da gidajen yari, shi kuma ya zama Kwamishinan Sadarwa na Tarayya a gwamnatin Janar Gowon, daga baya na Lafiya har 1974. Da aka dawo siyasa, wadda ya yi ta fafatawa da ita ba ta da sauran makamanta na dā.

Sakamakon ya fito a 1979. PRP, jam'iyyar da ya kafa a 1978, ta ci gwamnan Kano da Muhammadu Abubakar Rimi, ta ci na Kaduna da Balarabe Musa, ta kwashe kujerun Majalisar Dattawa biyar na Kano. A zaɓen shugaban ƙasa Malam ya samu fiye da kashi 70 cikin ɗari na ƙuri'un jihar, Alhaji Shehu Shagari bai kai kashi 20 ba. Wannan giɓi shi ya haifar da shari'ar nan ta sha biyu da biyu bisa uku, domin Kano ce jiha ta goma sha uku da aka yi ta lissafi a kanta har Kotun Ƙoli. Rimi ya soke haraji da jangali, buƙatar NEPU ta shekara talatin.

Daɗin bai daɗe ba. Tun 1980 PRP ta dare gida biyu, Santsi na gwamnoni da Taɓo na Malam, kan batun yadda za a yi hulɗa da gwamnatin NPN, kusan tambayar da ta dame shi a 1959. An tsige Balarabe Musa a Yunin 1981; a watan Yuli tarzoma ta ɓarke a Kano, aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba Rimi shawara kan siyasa. Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, yana shirin sake takara. Bayan wata huɗu ɗan takarar Taɓo, Sabo Bakin Zuwo, ya kayar da Rimi.

Kano ta Gabas ba ta cikin taswirar zaɓe yanzu. Tsohon birni da kewayensa sun rabu zuwa mazaɓun tarayya irin su Birni, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa da Tarauni, cikin kujeru 24 da jihar ke da su a Majalisar Wakilai. Gidansa na Gwammaja, inda aka binne shi, yana cikin mazaɓar Dala. Jami'ar Bayero ce ke riƙe da shi a matsayin cibiyar nazarin dimokuraɗiyya, da sunan Mambayya.