Alhaji Umaru na Kete Karaci: Malamin Zongo da Ya Ajiye Tarihi a Cikin Waƙa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya koyar da ɗan Adam da alƙalami. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



Da aka ce kowane ɗalibi na ajin ƙarshe ya zaɓi malami ɗaya daga cikin magabata ya rubuta tarihinsa don littafinmu na bana, da yawa sun ɗauki Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ko ƙanensa Abdullahi, ko Nana Asma'u. Sun kuwa kyauta. Ni dai na zaɓi wani wanda ba a cika ambatonsa a nan Kwatano ba, alhali ya fi kowa kama da mu. Bahaushe ne da ya bar ƙasar Hausa ya zauna a zongo, ya yi karatu da koyarwa a tsakiyar mutanen da harshensu daban, ya rayu ƙarƙashin Turawa, ya rasu nesa da garin haihuwarsa. Shi ne Alhaji Umaru ɗan Abubakar, limamin Kete Karaci, a ƙasar Gana ta yau.

Akwai kuma dalili na biyu. A unguwarmu, in aka ji yaro yana tsara baitoci, sai ka ji ana cewa ya bar karatu ya kama wasa, ko kuwa so yake ya zama maroƙi. To, ga malami, limami, wanda ya ba waƙa rabin rayuwarsa. Mu duba abin da ya yi da ita, sannan kowa ya yi hukunci.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Alhaji Umaru a birnin Kano wajejen shekarar 1858. Mahaifinsa, Malam Abubakar, asalinsa Bakabe ne, kuma bafatake ne mai safarar goro tsakanin Kano da ƙasar Gwanja. Shi ya sa a rubuce-rubucen Larabci ake jingina Umaru ga garuruwa uku: Kabi ta kakanni, Kano ta haihuwa, da Salga ta zama. Duk ɗan Zongo ya san wannan hali. In aka tambaye ka garinku, sai ka tsaya ka yi tunanin wanne za ka faɗa.

Ya yi karatun allo a Kano, ya ci gaba da karatun littattafai: fiƙihu, nahawu, lugga, tafsiri da waƙoƙin Larabawa. Alamar hazaƙarsa ta fito da wuri. A shekarar 1877, yana ɗan shekara ashirin ko ƙasa da haka, ya wallafa littafi da Larabci kan yadda ake rubuta wasiƙa. Ku duba fa, littafinsa na farko na amfanin yau da kullum ne. Bafatake da ke nesa da gida yana bukatar ya aika wa iyalinsa saƙo, mai bin bashi yana bukatar takarda, ɗalibi yana bukatar sanin yadda zai gaida malaminsa a rubuce. Ɗan fatake ne, ya san abin da mutanensa ke nema.

Hanyar goro

Tun yana saurayi yake bin ayari zuwa Salga. Ayarin Kano zuwa Gwanja na ɗaukar watanni a hanya, da jakuna da 'yan alaro, ga madugu a gaba. Hanyar kuwa ta ratsa arewacin ƙasarmu ta Benin: ta Bargu, ta Nikki, ta Jugu, kafin ta nufi Yandi da Salga. Suna kai kanwa, da tufafin Kano, da fatu, su komo da goro. Gaskiya kuma a faɗe ta, Salga ta lokacin babbar kasuwar bayi ce. Inda ayari ya saba sauka ya huta shi ake kira zango, kuma daga nan sunan unguwarmu ya samo asali.

A cikin wannan kai da komo Umaru bai ajiye karatu ba. A shekarar 1892 ya tare a Salga da niyyar zama da koyarwa. Amma a shekarar nan ce yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin 'ya'yan sarautar Gwanja kan kujerar Kpembe, garin sarautar da ke riƙe da Salga. Kasuwa ta watse, gidaje suka ƙone, baƙi suka tarwatse. Wasu suka nufi Yeji, wasu Kintampo, wasu Kete Karaci a bakin kogin Volta. Umaru na cikin waɗanda suka bar garin.

Bai bar abin ya wuce haka nan ba. Ya tsara doguwar ƙasida da Larabci mai suna Tanbihul Ikhwan, ya bayyana yadda Salga take kafin yaƙi, da yadda fitinar ta faro, da abin da ya sami mutane. Bai ɗora laifin duka kan sarakuna ba, ya taɓo halayen mazauna garin su ma. Yau duk mai binciken wannan yaƙi sai ya koma ga baitocinsa, don shi ganau ne.

Limancin Kete Karaci

Kete Karaci ta faɗa hannun Jamusawa, cikin ƙasar Togo ta wancan zamani. Zongon garin ya cika da 'yan gudun hijirar Salga, sai gardama ta tashi kan wanda zai yi limanci. Labarin da ake bayarwa shi ne, baturen Jamus mai mulkin wurin ya sa a gwada malaman biyu da karatun Ƙamus, babban littafin luggar Larabci, Umaru ya yi rinjaye, aka ba shi limanci. Daga nan gidansa ya zama makaranta. Ɗalibai suka riƙa zuwa daga nesa, suna gamawa suna komawa zangunansu su buɗe nasu makarantun.

Nan ne kuma ya haɗu da wani Bajamushe mai suna Adam Mischlich, wanda ke son sanin Hausa. Umaru ya koya masa, ya kuma rubuta masa takardu masu yawa da ajami kan tarihin ƙasashen Hausa, da sarautu, da sana'o'i, da kasuwanci, da al'adun aure da haihuwa. Mischlich ya fitar da ƙamus na Hausa da Jamusanci a shekarar 1906.

Waƙoƙin zuwan Nasara

Wani zai ce, to ai malamin Turawa ne ke nan. A'a, ba haka abin yake ba. A daidai shekarun nan ne ya tsara waƙoƙinsa kan zuwan Nasara: biyu da Larabci, a 1899 da 1900, sannan ɗaya da Hausa a 1903, shekarar da Ingilishi suka ci Kano da Sakkwato. A cikinsu ya nuna yadda Turawa suka fara shigowa da lallami da sunan ciniki, har suka kafu suka juya suka zama masu mulki. Ya jero garuruwa da sarakunan da aka ci, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai kiran sunayen mamata.

Ku tuna, a lokacin Hausawa ba su da jarida, ba rediyo. Mutumin da ke zongo yana jin labarin faɗuwar garinsu ne a bakin matafiya, guntu-guntu. Waƙa ce ta tattara labarin wuri ɗaya. Ga ta da sauƙin haddacewa saboda karinta da amsa-amonta, ɗalibi ya kwafe ta a takarda, makaho ya rera ta a ƙofar masallaci, bafatake ya tafi da ita a ka.

Yana zaune da Bature da rana yana koya masa Hausa, alƙalaminsa kuma bai fasa rubuta abin da Turawa suka yi wa ƙasashen Musulmi ba. Ba shi da bindiga, ba shi da sarauta, kuma yana da jama'ar da zai kare. Ni a ganina, mu da muke zuwa lakol da safe muna karatu da Faransanci, da yamma mu zo nan mu buɗe Ahalari da Iziyya, mun fi kowa fahimtar irin wannan zama.

Talauci, annoba da rashin ɗa

Alhaji Umaru bai tsaya kan manyan al'amura na yaƙi da mulki kaɗai ba. Yana da waƙar Hausa kan talauci da wadata, inda ya kwatanta yadda jama'a ke ɗaukar mai abin hannu da yadda suke ɗaukar wanda ba shi da shi. Ya nuna yadda ake wulaƙanta matalauci ko da yana da gaskiya, ake girmama mawadaci ko da yana da aibi. Wanda ya taɓa zama a taron suna ko ɗaurin aure ya lura da wanda ake shimfiɗa wa tabarma da wanda ake bari a tsaye, ya san waƙar nan ba ta tsufa ba.

Ya tafi aikin Hajji a shekarar 1913. Bayan haka, da annobar mura ta game duniya a 1918 ta kashe miliyoyin mutane, ta kuma iso Afirka ta Yamma, ya tsara mata waƙa. Tunkuyau ake kiran cutar. Ya siffanta yadda take kama mutum da yadda take kayar da shi, ya roƙi Allah sauƙi. Mu da muka ga korona a 2020, aka rufe makarantu da masallatai, wa ya rubuta mana yadda Zongo ta kasance a kwanakin nan? Shekaru kaɗan ke nan, amma ƙannenmu sun fara mantawa.

Ya kuma ɗauki waƙar Imru'ul Ƙaisi, babban mawaƙin Larabawa na zamanin jahiliyya, ya mayar da ita Hausa. Wannan ya nuna bai raina harshensa ba. Ya yarda Hausa za ta iya ɗaukar abin da Larabci ya ɗauka.

A ƙarshen rayuwarsa Allah ya jarrabe shi da rasuwar ɗansa, wanda shi ma malami ne kuma alhaji. Tsohon ya yi masa marsiyya. Limamin da ya saba ba wasu haƙuri, da abin ya zo kansa, baitoci ya zuba baƙin cikinsa a ciki, ba tare da ya saɓa wa hukuncin Ubangiji ba.

Rasuwarsa da abin da ya bari

Alhaji Umaru ya rasu a Kete Karaci a watan Yuni na 1934, daidai da shekara ta 1353 bayan Hijira. Allah ya jiƙansa.

Bayan shekara talatin da rasuwarsa aka gina madatsar ruwa ta Akosombo, wadda aka kammala a 1965, wadda kuma ta daɗe tana ba Togo da Benin wutar lantarki. Tafkin Volta ya cika ya haɗiye tsohon garin Kete Karaci, aka mayar da mutane sabon wuri. Lungunan da ya taka suna ƙarƙashin ruwa yanzu. Salga da ya sani ta riga ta zama ƙaramin gari. Amma waƙoƙinsa suna nan, don ɗalibansa sun kwafe su da hannu sun adana a gafakokinsu. A shekarun 1960 masu bincike na Jami'ar Gana da ke Legon suka bi gidajen malamai suna tattara su. Har a ƙasar Folan an sami shehin malami, Stanisław Piłaszewicz, da ya ba da shekaru yana nazarin rubutunsa na ajami, ya buga shi a littafi a shekarar 2000.

Abin da ya rage gare mu

'Yan uwana ɗalibai, mu fa da waƙa muka tashi, ko ba mu lura ba. Ibnu Ashir da muke haddacewa waƙa ce. Alfiyyar Ibnu Malik, baiti dubu na nahawu, waƙa ce. Ishiriniya da Burda da ake rerawa a Maulidi waƙoƙi ne. Hassanu bin Sabit sahabi ne kuma mawaƙin Manzon Allah. Malamai sun koya mana cewa waƙa magana ce, mai kyanta mai kyau ce, mummunarta mummuna. Saboda haka abin tambaya shi ne me aka faɗa a cikinta.

A gidanmu akwai wata tsohuwar akwatin kakana cike da takardun ajami. Daminar da ruwa ya shigo mana ɗaki, rabinsu suka jiƙe suka manne. Waɗanda suka tsira, da na kai wa ƙannena, ba wanda ya iya karanta layi ɗaya, alhali dukansu sun iya rubuta saƙo da Faransanci a WhatsApp. Wallahi ranar na ji kunya, don ni ma da ƙyar nake haɗa baƙaƙen.

Muna da abin faɗa da yawa. Ga iyayenmu mata da ke sammako zuwa Dantokpa. Ga yayyenmu masu tuƙa zem cikin rana da ruwa. Ga lokacin da aka rufe iyakar Seme a 2019, gidaje da yawa a nan suka ji a jikinsu. Ga tsofaffinmu da suka san yadda kakanni suka zo Kwatano, kuma kullum suna raguwa. In ba mu rubuta ba, wani zai zo daga nesa ya rubuta yadda ya ga dama, ko kuma abin ya tafi ke nan.

Shi ya sa nake roƙon malamanmu, Allah ya ƙara musu lafiya, su ware mana ko da awa ɗaya a mako don koyon ajami da karin waƙa, kuma littafin baɗi ya samu shafi na baitocin ɗalibai, na Hausa da na Larabci. Iyayenmu kuma, in kun ga yaro da takarda yana ƙirga gaɓoɓi da yatsunsa, kada ku kore shi. Ku ce ya karanta muku, in da gyara ku gyara masa.

Allah ya gafarta wa Alhaji Umaru da sauran malamanmu da suka riga mu, ya saka wa iyayenmu da malamanmu da alheri, ya ba mu ilimi mai amfani. Kuskuren da ke cikin wannan rubutu nawa ne, ina neman afuwa da gyara.