Humphry Davy: Masanin da ya gano maganin tsatsa a cikin teku

An haifi Humphry Davy ne ranar 17 ga watan Disamba na shekarar 1778 a garin Penzance da ke kudu maso yammacin Ingila.

Bayan rasuwar mahaifinsa a 1794, an kai shi koyon aiki wurin wani likita mai haɗa magunguna, inda ya fara koya wa kansa ilimin sinadarai.

A 1801 ya kama aiki a cibiyar Royal Institution da ke Landan, kuma a 1815 ya ƙera fitilar da ta rage haɗarin tashin gobara a ramukan haƙar kwal.

A 1823 ne rundunar sojan ruwan Birtaniya ta nemi taimakonsa, saboda ruwan gishiri yana cinye jan ƙarfen da ake lulluɓe ƙasan jiragenta da shi.

Davy ya gano cewa idan aka manna ɗan guntun tutiya ko baƙin ƙarfe a jikin jan ƙarfen, wata 'yar wutar lantarki kan gudana tsakaninsu, sai guntun ya riƙa zaizayewa a madadin jan ƙarfen.

Ya bayyana wannan sakamako a 1824, aka kuma gwada shi a kan jiragen yaƙi.

To sai dai an yi gudun gara an faɗa wa zago, domin dafin da jan ƙarfen ke fitarwa yayin zaizayewa shi ne ke korar ciyayi da ƙananan halittun ruwa. Da zaizayar ta tsaya, sai suka manne wa jiragen, suka rage musu gudu.

A 1825 hukumomi suka ba da umarnin cire guntayen, lamarin da ya jawo masa suka a jaridu.

Rashin lafiya ta sa ya sauka daga shugabancin ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society a 1827, ya kuma rasu a birnin Geneva ranar 29 ga watan Mayu na 1829 yana da shekara 50.

A yau da dabararsa ake kare bututan mai da turakun injinan samar da lantarki daga iska a teku.

Haka nan igiyoyin ƙarfen da ke suturta wayoyin lantarki na ƙarƙashin teku akan shafe su da tutiya, injiniyoyi kuma kan auna ƙarfin lantarkin da ke jikin ƙarfe a cikin ruwa domin sanin ko kariyar na aiki.